Fijon Baba Ba Ta Mutu Ba

Ba'awa, ta Kiru,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga mahaifina, Malam Gwadabe Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ladabi daga 'yarka, da fatan takardar nan za ta same ka da sauƙi fiye da yadda na baro ka. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun da ƙafar, ana ci gaba da zuwa gashi? Ina yi wa Inna sannu da jinya, ina gaida Yaya Raihana da maigidanta da yara. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya fara ja da baya, masara ta bushe a gona, sai godiyar Allah.

Baba, na san tun da ciwon nan ya taɓa maka harshe ba ka son a kara maka waya a kunne. Shi ya sa na rubuto, na ba Kamalu mai bas ya kawo gidan Yaya a Kano. Don Allah ka karanta da kanka, domin na san idan Yaya ce za ta karanta maka, za ta tsallake wasu wurare.

Shekaranjiya na shiga gida in share ɗakin Inna kamar yadda na saba, sai na tarar da ƙaninka Baffa Habu a rumfar mota tare da wasu baƙi daga Tudun Wada. An yaye tamfol ɗin da aka rufe Fijo da shi. Wani yana ƙwanƙwasa mata ƙofa da guntun ƙarfe, wani ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta. Da na gaishe su na tambaya, Baffa ya ce 'yan gwangwan ne, masu sayen matattun motoci su yanyanka su auna ƙarfen. Ya ce kaka ta zo, ba shi da inda zai zuba masararka da tasa, ga mota ta tare rumfa shekara da shekaru har ta zama akurkin kaji. Ya ce kuma da ya je duba ka da Sallah ya yi maka maganar, ka gyaɗa kai.

Na durƙusa na ce masa ban taɓa jin an raba gadon mai rai ba. Ban ɗaga murya ba, Allah ne shaida, amma a gaban baƙin na faɗa, kuma na ga ya ji zafi. Ya ce mota ta riga ta mutu, ni mace me na sani a kan inji. Na ce ajiye ta aka yi, ba mutuwa ta yi ba. Da ƙafarta ta shiga rumfar nan, kai ka tuƙo ta daga Doguwa, washegari ciwo ya kwantar da kai. Baƙin da suka ga magana ta zama ta cikin gida, suka hau babur ɗinsu suka ce a neme su in an daidaita.

Ban raina Baffa ba. Shi yake noma gonarka, shi yake aiko muku da hatsi, kuma ban manta shekarun da ya yi yana yaron motarka ba kafin ya koma gona. Amma gyaɗa kan majinyaci ba ciniki ba ne. Da motar nan ka ciyar da mu. A cikinta ka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka kai Yaya ɗakin miji. Daga tashar Kiru zuwa Kwanar Ɗangora, ka bi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka sauke mutane a Doguwa, babu wanda bai san ƙarar hon ɗinta ba. Ba za a yanka ta a ƙofar gidanka kana raye ba.

Na ɗauko makullin daga cikin kwallar Inna, yana hannuna. Na yi shawara da maigidana, Baban Faruk, ya amince, har ya kwashe kayan ban-ruwansa daga shagon zaurenmu don Baffa ya zuba masarar a can. Hujjar rumfa ta faɗi ke nan. Gobe za mu je Kiru wurin abokinka Malam Mudi bakanike. Na ƙudura niyyar tayar da motar nan, kuma ina so ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin wani.

Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

'Yarka mai ƙaunarka,
Bushira.

*

Ba'awa,
Ranar Asabar.

Baba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata ka tashi lafiya, jiki yana ta ƙara kyau. A gaida Inna, a ce mata tantabarunta sun ƙyanƙyashe. A gaida Yaya da mutanen gidanta.

Malam Mudi ya zo, yana gaishe ka sosai. Da ya ga motar sai ya tambaye ni ko wani ya murɗa mata makulli tun da aka ajiye ta. Na ce babu. Ya ce alhamdu lillahi, da sauran magana. Ya ce yawancin motocin da ake cewa sun mutu a ajiye, ranar da aka zo tayar da su aka kashe su. Mai duk ya tsiyaye ya koma ƙasa, cikin inji ya bushe, ƙarfe ya kama ƙarfe, sai mutum ya zo da sabon batir da zumuɗi ya murɗa. Na tuna haka ka hana mu taɓa ta shekarar da ka dawo daga Hajji, sai da ka duba komai, alhali ba ta daɗe a ajiye ba.

Da muka ɗaga bonet, abin da muka gani sai mai ƙarfin zuciya. Ɓeraye sun yi sheƙa a cikin gidan iska, inda inji yake shaƙar iska, sun cika shi da ɓawon gyaɗa da tsummoki, sun ci wayoyi a wurare da dama. Zanzaro ya yi gini a jikin lagireto. Fanbel ya tsattsage, tiyon ruwa kana matsa shi yana ɓarewa. Fetur ɗin da ya rage a tanki ya koma launin shayi, warinsa kamar na fenti. Amma da aka zare sandar duba mai, baƙi ne wuluk, babu alamar ruwa ya gauraya da shi. Malam Mudi ya ce wannan ita ce bushara.

Ya tsara mana aikin ya koma gareji, don ba zai iya kwana a nan ba. Baban Faruk ya saba da injinan ban-ruwa, hannunsa ya san sifana. Mun kwance tanki mun zubar da ruɓaɓɓen fetur can nesa da murhu, mun wanke tsatsar. Mun juye tsohon mai, mun sa sabo da sabuwar matata. Ni na share gidan iska, ni na naɗe wayoyin da Malam Mudi ya haɗa. Mun goge ƙurar da ke kewaye da filogi kafin mu kwance su, don kada ta faɗa ciki, muka ɗiga mai kaɗan a kowane rami, muka toshe da tsumma mai tsabta. Ya ce a bar shi ya jiƙa, kada a yi masa garaje. Matan unguwa sun sami abin faɗa a bakin rijiya, wai 'yar Gwadabe ta bar lalle ta koma baƙin mai. Na ce su faɗa, sabulu yana wanke nawa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Alhamis Baban Faruk ya tafi kasuwa, ina gida ina tuƙa tuwo, sai matar Baffa ta aiko a ce in zo maza. Na tarar Baffa ya tara samari majiya ƙarfi, ya mayar da filogi, ya ɗaura galan ɗin fetur da tiyo, ya aro batir, ya haɗa waya tun da babu makulli. Wai za su tura ta gangaren masallaci ya saki kuloci. In ta tashi shi ke nan, in ba ta tashi ba kowa ya shaida ta mutu, a kira masu saye. Baba, motar da ba a duba birkinta ba, a gangaren da yara suke wasa, ga rijiya a ƙarshensa.

Allah ya taimake ni ƙafar baya ɗaya ta liƙe, suna ta nishi ta ƙi motsi. Ban yi musu da kowa ba. Na wuce ta tsakiyarsu, na ɗaga bonet, na ɓalle murfin distiributa na zare rota, wannan ɗan abin da ka nuna mini tun ina ƙarama ka ce in babu shi wuta ba ta zuwa filogi. Na ƙulle shi a gefen mayafina. Sannan na shimfiɗa tabarma a gaban motar na zauna, na ce duk mai son tura ta ya fara bi ta kaina. Samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa irin wannan cin fuska ba, kuma zai kai ƙarata wurinka. Na ce ya kai, ni ma zan kai kaina.

To ga shi na kawo. Tuwona ya ƙone, amma motarka tana nan yadda take.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Bushira.

*

Ba'awa,
Ranar Laraba.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina roƙon Allah ya ci gaba da sassauta maka. Ina gaida Inna da Yaya.

Kamalu ya kawo mini amsarka. Rubutun Yaya ne, amma na ga inda ka sa hannu da hagu a ƙasa, na daɗe ina kallon wurin. Ka ce in ba Baffa haƙuri, in miƙa masa makulli da abin da na cire, ya yi yadda ya ga dama da motar. Ka ce kai da tuƙi sai dai a lahira, kuma ba ka son zumunci ya lalace saboda tsohon ƙarfe.

Haƙuri na ba shi. Na je har ɗakinsa na durƙusa, na ce ya yafe mini maganar da na yi masa a gaban mutane. Ya kau da kai, amma ya amsa. Wannan umarnin na cika shi.

Makulli kuwa, Baba, ka gafarce ni, ba zan bayar ba. Tun da nake ban taɓa tsallake maganarka ba. Makarantar da ka zaɓa na yi, kuma duk abin da ka hana ni na hanu. Wannan karon na ƙi, kuma zan gaya maka dalili, ko da za ka yi fushi.

Inna ta gaya mini likita ya sallame ka tun bara. Ya ce motsa jikin da ya rage za ka iya yin sa a gida, ka riƙa zuwa ana duba ka lokaci-lokaci. Kai ka ƙi dawowa. Ka ce ba za ka shigo Ba'awa kana jan ƙafa ba, mutanen da ka saba ɗauka a mota su ga ana ɗaukar ka. Kana zaune a ɗakin baƙin surukinka, ka rufe taga, ko abokanka na tasha suka zo sai a ce kana barci. Ka ba Baffa gona, ban ce komai ba. Ka ce a raba wa dangi manyan rigunanka, na yi shiru. Yanzu mota. Ina kallo kana raba kayanka ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin tafiya, ana ce maka to. Ni ba zan ce to ba. Hannu ɗaya da ƙafa ɗaya da harshe ciwon ya taɓa, bai taɓa Gwadabe duka ba.

Idan kana son Baffa ya karɓi makullin nan, ka zo ƙofar gidanka, in durƙusa in sa shi a tafin hannunka, ka miƙa masa da kanka ina gani. Ranar ba zan ce uffan ba, ko a gabana za a yanka ta. Amma ta hannun Kamalu ko ta rubutun Yaya, a'a.

Ga labarin motar, ko kana so ko ba ka so. Mun sake kwance filogi muka ƙara mai a ramukan. Malam Mudi ya dawo ya sa babbar sifana a goshin inji don a juya shi da hannu. Ya ƙi, ko gezau. Na ce a raina ko dai Baffa ne da gaskiya. Baban Faruk ya ce a ƙara wa sifanar bututu a danna da ƙarfi, Malam Mudi ya hana, ya ce da ƙarfi ake karya ringin da ke cikin inji. Muka ƙara mai muka bar shi. Kullum da safe sai na zo na ɗan rinjaya sifanar gaba, na rinjaya ta baya, kaɗan-kaɗan. Jiya ina yi sai na ji ta motsa kamar faɗin yatsa. Na tsaya, na ɗauka sifanar ce ta zame. Na sake, ta ƙara tafiya. Kafin azahar injin yana zagayawa gaba ɗaya, babu inda yake cijewa. Na zauna a ƙasa da man a hannuna na yi kuka mai isata, kaji suna kallona.

Kada ka yi fushi da Inna don ta gaya mini. Ni na matsa mata.

'Yarka da ba ta daina yi maka biyayya ba sai a wannan,
Bushira.

*

Ba'awa,
Ranar Litinin.

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar ƙarin lafiya. Bas ɗin Kamalu ta zo ta koma ban ga amsa ba. Yaya ta ce ka karanta takardata ka sa a ƙarƙashin matashi. Na ji, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. A gaida Inna.

Fijo ta tashi.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don na san za ka so ka ji ko an bi ƙa'ida. Jiya da hantsi Malam Mudi ya zo da batir mai cikakken caji. Kafin nan mun sa sabon fanbel da sabon tiyo, mun wanke lagireto har ruwan ya fito fari, mun cika shi. Ƙafar bayan da ta liƙe, an ɗaga ta da jak aka bubbuga har ta saki, aka yi wa tayoyi iska. Malam Mudi ya ce ba za a tayar da ita a cikin rumfa ba, saboda hayaƙin mota a rufaffen wuri yana kisa, ga kuma jinkar ciyawa a sama. Muka turo ta fili a hankali, muka tokare ƙafafun da duwatsu, aka tabbatar ba ta cikin giya. Na cika bokiti da yashi na ajiye kusa, tun da ruwa ba ya kashe wutar fetur. Na kori yara zuwa bayan katanga.

Da farko ba a nemi ta tashi ba. Filogi suna waje, an cire wayar wuta, an shimfiɗa tsumma a kan ramukan. Malam Mudi ya ce ni zan zauna a kujerarka in murɗa, tun da makulli a hannuna yake. Na yi bisimilla na murɗa kaɗan na saki, na huta, na sake. Man da muka ɗiga ya yi ta fesowa a tsumman. Idona yana kan jar fitilar mai. Ta daɗe tana ci, har na fara karaya, can sai ta mutu. Malam Mudi ya ce to, yanzu mai ya zagaya ko'ina. Aka ɗaura filogi, na kwance rota daga mayafina aka mayar, aka zuba sabon fetur a tanki. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a tuttula fetur a bakin kafireto ta tashi nan take. Malam Mudi ya tambaye shi ko ya gaji da girarsa ne.

Na murɗa, ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake, haka. Ana jiran fetur ya iso daga tanki, amma 'yan kallo ba su san haka ba, har an fara dariya ƙasa-ƙasa. Na hango Baffa a bakin zaurensa, ya harɗe hannu a baya. Na bar batir ya huta, na sake murɗawa. Ta yi tari, ta girgiza har sitiyari yana rawa a hannuna, sannan ta kama. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe ƙofar gida, salansa ta yi aman ɓawon gyaɗa da ƙasa. Ƙafata tana so ta taka totur don murna, na hana ta. Na bar ta tana tafiya a hankali, ina kallon fitila da allurar zafi.

Ana cikin hayaniya sai na ji warin ɗanyen fetur. Ban jira kowa ba, na kashe ta. Mutane suka ɗauka mutuwa ta yi. Da aka duba, wani guntun tiyo ne da muka bari don ya yi kama da mai kyau, ya tsage yana ɗiga kusa da inda inji yake zafi. Da an ƙara jimawa, da yashin nan ya yi aiki. Malam Mudi ya canja shi, muka goge, muka jira wurin ya bushe. Da na sake murɗawa, bugu ɗaya ta tashi. Muka bar ta har ta yi ɗumi, hayaƙin ya washe, muka leƙa ƙarƙashi babu abin da yake zuba.

Baffa bai matso ba, amma bai shiga gida ba sai da aka kashe ta.

Ba ta hau titi ba tukuna. Malam Mudi zai kwance birki gaba ɗaya ya canja mansa, kuma ya ce tayoyin nan sun tsufa ko da suna riƙe iska, za a nemo wasu. Ba wanda zai motsa ta kafin nan.

Sharaɗina yana nan yadda na faɗa. Makullin yana jiran hannunka.

'Yarka,
Bushira.

*

Ba'awa,
Ranar Juma'a.

Zuwa ga Yayata Raihana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar shekarun nan, Allah ya saka miki da Aljanna, ke da maigidanki. Yaya yara, yaya kewar su Inna? Kin ce in ba ki labari a waya, amma labarin ya fi ƙarfin waya. Ga shi a rubuce, Kamalu zai kawo miki tare da kwandon tattasai.

Kin iya ɓoye magana. Ba wanda ya san su Baba suna tafe sai da bas ta tsaya a bakin titi. Kamalu ya so ya shigo da su har ƙofar gida, Baba ya buga sandarsa a ƙasan motar ya ce a nan zai sauka. Baban Faruk ya ruga zai tallabe shi, ya ture hannunsa. Da ƙafarsa ya taho, yana dogara sanda yana jan ta dama, Inna tana biye. Tafiyar da yaro yake yi a guje, shi sai da ya tsaya hutawa a hanya. Kafin ya iso rabin gari ya fito. Babu wanda ya kalli ƙafar, Yaya. Hannunsa kowa yake nema.

Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba, ko kallona bai yi ba. Ya wuce wurin motar, aka kawo kujera ya zauna a gabanta. Ya duba sababbin tayoyin, ya sa aka taka birki yana kallo. Sannan ya yi nuni a tayar. Na shiga na murɗa, ta tashi. Ya sunkuyar da kai yana saurare, can ya faɗi wata kalma da ba wanda ya gane. Ya maimaita, ransa ya fara ɓaci. Sai Baffa, wanda yake tsaye can gefe tun ɗazu, ya ce, "Silo yake cewa. Ƙarar injin ta yi sama, a rage." Ya karɓi sukundireba a hannun Baban Faruk, ya sunkuya a kan kafireto yana murɗawa a hankali, yana kallon fuskar Baba, har Baba ya ɗaga hannu. Muryar motar ta kwanta, ta koma irin wadda muke ji da asuba muna yara.

Aka kashe ta. Baba ya miƙo mini tafin hagunsa. Na cika alkawari, na durƙusa na sa masa makullin. Ya juya ya miƙa wa Baffa. Na riga na ce ba zan yi magana ba, ban kuwa yi ba. Baffa ya tsaya da makulli a hannu bai san abin yi ba. Baba ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Tasha. Kai ni." Wannan kam kowa ya ji. Baffa ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, ya daɗe a haka.

Mun je tashar Kiru a hankali, Baffa yana tuƙi, Baba a gefensa yana nuna masa ramuka da sanda kamar bai san hanyar ba. Da muka shiga ya miƙa hannu ya danna hon da kansa. Direbobi suka bar lodi suka yanyame motar. Ya yi ta magana da su, rabi suna ganewa rabi suna cewa haka ne, bai damu ba. Sai la'asar muka dawo. Maganar 'yan gwangwan ba wanda ya sake tayar da ita. An shirya Baffa zai riƙa kai shi asibiti a cikinta duk lokacin da likita ya sa.

Har yanzu bai yi mini magana kai tsaye ba. Jiya na kai masa kunu, na ji yana gaya wa Inna wai ta haifa masa mai kunnen ƙashi. Amma ya shanye kunun, ya miƙo kofin a ƙara.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ni da na fasa farce a kan motar nan, ranar zuwa tasha kujerar baya aka nuna mini, tsakanin Inna da buhun masarar da Baffa zai kai niƙa. A hanyar dawowa na ce wa Baffa ranar Asabar zan fara koyon tuƙi a filin makarantar firamare, maigidana ya yarda, kuma shi nake so ya koya mini. Ya ce ba da shi ba, a garin nan ba a taɓa yi ba. Ya waiwayi Baba yana neman goyon baya, Baba ya juya yana kallon gonaki ta taga. Na ce, Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ba shawara na kawo ba, rana na gaya maka.

Gobe ce Asabar. Ki sa ni a addu'a, ki sa katangar makarantar ma.

Ki gaida yara, ki ce su zo hutu, za a ɗauko su a tasha.

Ƙanwarki,
Bushira.